Alhaji Rabe Ya Kori Dillalai

Alhaji Rabe na Badarawa ya yi shekara talatin da ɗoriya a sashen tsare-tsare na wata ma'aikata, ya kuma yi ritaya da yaƙinin cewa duk wata matsala da ke ƙasar nan ta faru ne saboda ba a tuntuɓe shi ba. Bai daɗe da ajiye aiki ba aka gayyace shi wani taron bita a otal, don a cike kujeru. Ya dawo da jaka mai tambari, da alƙalami, da magana guda wadda ta hana unguwa sakat: wai a cikin kowace naira ɗari da mutum ya kashe wa abinci, talatin kacal ke isa hannun manomi. Ran Litinin talatin ce. Kafin Juma'a ta koma ashirin. In musu ya yi zafi takan sauka har goma.

Majalisarsu da la'asar take zama, a kan benci biyu a ƙofar shagon Sama'ila mai shinkafa. Saboda haka laccar ba ta taɓa rasa abin misali ba.

"Ku dubi wannan," in ji Alhaji Rabe, ya nuna Sama'ila da carbi. "Bai taɓa riƙe fartanya ba, amma ku dubi wuyansa. Manomi yana can ya bushe kamar kilishi, shi yana nan yana ninkewa."

"Alhaji, wuyan nan gado ne," Sama'ila ya ce. "Kakana ma haka yake, kuma shi maƙeri ne."

"Dillali, mai mota, ɗan dako, mai gumi, mai inji, ɗan sari, sannan kai. Kowa ya tsoma cokali. Da ni ne, rana ɗaya zan kore ku duka. Daga gona sai tukunya, ba hannun kowa."

"To wa zai ɗauko ta? Da ƙafarta za ta zo?"

"Tsari ne zai ɗauko ta."

A ƙarshen benci Malam Iliya yake zaune, tsohon hedimasta, mutumin Kagoro, wanda katanga ɗaya ta raba gidansa da na Alhaji Rabe tun 'ya'yansu suna rarrafe. Asabar ta sama za a ɗaura auren 'yarsa Mercy, kuma dangin ango za su taso daga Kafanchan cike da motoci. Sama'ila ya riga ya ware masa buhu huɗu na shinkafa, saura biya. Farashin ne ya sa Malam Iliya ya yi ajiyar zuciya, kuma wannan ajiyar zuciyar ce ta jawo masa.

"Hedimasta, ba ni kuɗin buhu huɗun nan," Alhaji Rabe ya ce. "Zan kawo maka shida. Manomi ya samu ninki, kai ka samu ragi, wannan kuma ya samu darasi."

"Alhaji, surukai ne fa. Ka san mutanenmu, abin da aka ci a biki shi ake tunawa, ba wa'azin fasto ba."

"Shi ya sa. Za su ci shinkafar da ba su taɓa cin irinta ba."

Wannan maganar dai ta tabbata.

Malam Iliya mutum ne mai jin nauyin maƙwabci, ga shi aljihu ya yi sanyi. Ya ba da kuɗin. Ya je ya gaya wa matarsa Magajiya. Ta dube shi irin kallon da shi ya saba yi wa ɗalibin da ya ce akuya ta cinye masa littafi.

Washegari Alhaji Rabe ya sa babbar riga, ya tayar da tsohuwar Fijonsa, ya haye gadar Kawo, ya miƙe hanyar Zariya. Bayan Katabu ya sauka daga kwalta ya bi wata hanyar ƙasa har bakin fadama, inda ya tarar da wani manomi mai suna Sambo zaune kusa da tsibin shinkafar da aka gama sussuka.

Sambo ya daɗe da gane cewa baƙo mai babbar riga ba a katse masa magana. Ya saurari laccar tun daga farko har ƙarshe, yana gyaɗa kai a wuraren da suka dace.

"Ana zaluntarku," Alhaji Rabe ya kammala.

"Sosai ma, ranka ya daɗe."

"Nawa dillali yake sayen buhu a hannunka?"

Sambo ya dubi rigar, ya dubi agogon, ya dubi motar, ya ɗan rage saboda motar, sannan ya faɗi farashin da babu dillalin da ya taɓa biya ko a mafarki.

"Ka ji zalunci!" in ji Alhaji Rabe. "Na ƙara maka a kan haka."

Sambo ya ji tausayinsa ya taso masa, amma ya yi haƙuri har ya wuce.

"To a zuba mini buhu shida."

"Ina buhunan, ranka ya daɗe?"

"Ba ka da buhu?"

"Ai dillali ne yake zuwa da nasa."

Kamar daga ƙasa wani mutum ya ɓullo da buhuna a kafaɗa. Da aka sayi buhuna, sai aka ga ba mai awo. Wani ya ɓullo da kwano. Da aka auna, sai ɗinki. Wani ya ɓullo da basilla da zare. Duk wanda Alhaji Rabe ya miƙa wa kuɗi sai ya juya ya yi wa Sambo bayani: "Wannan ba dillali ba ne. Ɗan taimako ne."

Da aka zo lodi, 'yan dako biyu suka matso. Nan Alhaji Rabe ya ja layi.

"A'a. Nan ne cutar take farawa. Ni da kaina zan ɗora."

Ya naɗe hannun riga, ya rungumi buhu kamar mai gaisawa da ɗan'uwan da ya dawo daga Makka, ya yi bisimilla, ya ɗaga. Buhun bai motsa ba. Bayan Alhaji ne ya motsa, da wata 'yar ƙara da kowa ya ji. 'Yan dakon suka ɗora buhu shida, sannan suka ɗora Alhaji a kujerar direba, suka ce na bakwai ɗin kyauta ne.

Kafin ya tafi ya leƙo ta taga. "Sambo, ran Asabar ta sama ka zo Badarawa. Kai ne babban baƙo. Ina so birni ya ga manomi da idonsa."

Buhu uku a but, biyu a kujerar baya, ɗaya a kan rufi. Fijo ta tsuguna kamar akuya mai tsohon ciki, ta rarrafa har Katabu. A daidai inda hanyar ƙasa ta haɗu da kwalta akwai ɗan tudu. Gaban motar ya hau. Bayanta ya ce shi ya iso. Salansar hayaƙi ta faɗi, wani ƙarfe ya karye a ƙarƙashi, mai rake da mai tsire suka bar sana'arsu suka zo jaje.

Aka nemo a-kori-kura. Direbanta ya ce ba ya lodi sai da izinin 'yan kamasho. 'Yan kamasho suka ba da izini a kan farashinsa. Wasu 'yan dako suka sauke, suka sake ɗorawa. Kafin Kawo wasu masu riguna masu launin ruwan ɗorawa suka tare hanya da katako mai ƙusoshi, suka ce kayan gona ne, sai an yanki rasit. Alhaji Rabe ya yi musu bayanin kason manomi. Suka ce bayanin ya yi kyau ƙwarai, suka miƙo rasit.

Ana sallame la'asar majalisa ta ga shigowarsu layin: a-kori-kura a gaba, Fijo ɗaure da igiya a baya, Alhaji Rabe a cikinta ya karkace gefe guda, yana ɗaga wa jama'a hannu kamar ɗan takara. Bayansa makanike a kan babur, riƙe da salansa.

"Alhaji, sannu da hanya," in ji Sama'ila. "Su wane ne waɗannan duka?"

"'Yan taimako ne."

"Allah ya ƙara taimako. Ni da na ɗauka ka ce tsari ne zai ɗauko ta. Wanne ne tsarin a cikinsu?"

Aka shigar da buhunan tsakar gidan Alhaji. Matarsa Hajiya Rabi ta fito, Magajiya ta zagayo daga nasu gidan. Alhaji ya farke bakin buhu ɗaya da alfahari. Matan biyu suka leƙa, suka dubi juna.

"Baban Lubna," Hajiya Rabi ta ce, "wannan ai ba ta tuɓe riga ba."

"Shanshera ce," in ji Magajiya a hankali, kamar mai sanar da rasuwa.

"To da me kuke so ta fito daga gona? Da tambarin kamfani? Ɗan ɓawo ne kawai, inji zai cire."

"Kafin inji sai an yi gumi," Hajiya Rabi ta ce. "Bari a kira Harira."

Harira tsohuwa ce a bayan layi, gumin shinkafa ne sana'arta: ta jiƙa, ta turara, ta shanya, don ƙwayar ta yi ƙarfi kada inji ya farfasa ta. Ta zo ta damƙi shinkafar, ta faɗi kuɗin aikinta a kan kowane buhu.

"Kin ji ko?" Alhaji ya ce wa Magajiya. "Ga cokali na huɗu. Baba Harira, ruwa da wuta ne fa kawai."

"Haka ne, Alhaji. Shayi ma ruwa da wuta ne. Hajiya, ya taɓa dafa muku?"

"Sau ɗaya," in ji Hajiya Rabi. "Mun sayi sabuwar buta."

Harira ta gyara mayafi ta tafi. Alhaji ya sa aka kwashe ruwan da ke cikin durom biyu na gidan, ya juye buhu uku a ciki, ya cika da ruwa. Ya ji an ce ana jiƙawa, bai ji an ce ana tsamewa ba, kuma a ƙa'idarsa ta aikin ofis, duk abin da ya daɗe a kan tebur ya fi nuna. Ya bar ta har ruwan ya fara kumfa.

Warin ya fara da tsakar gida, ya haura katanga, ya bi layi. Maƙwabcin baya ya kira masu yashe masai, suka buɗe nasa suka ga lafiya lau, suka karɓi kuɗin zuwa. Liman ya aiko a tambaya ko wani abu ya mutu a rufi. Magajiya ta leƙo ta kan katanga, hanci a toshe.

"Alhaji, a garinmu in gida ya fara wannan ƙamshin, da yamma za ka ga tsofaffi sun yi layi da ƙwarya."

"Wane irin layi?"

"Na burkutu mana."

"A'uzu billahi! Maman Mercy, kimiyya ce."

"Haka su ma suke cewa."

Kafin magariba labari ya kai majalisa cewa Alhaji Rabe ya buɗe sabuwar sana'a bayan ritaya. Sama'ila ya ce shi dai ba ya sha, amma in ana neman dillali yana nan.

A fusace Alhaji ya tsame shinkafar, ya zubar da ruwan, ya mayar da ita, ya hura wuta a ƙarƙashin durom. Ta ƙasa ta ƙone, ta tsakiya ta dahu, ta sama ko ɗumi ba ta ji ba. Sai shanya. Mai ba da hayar tampol ya faɗi kuɗinsa, Alhaji ya ce ƙasar Allah ba ta haya. Ya sa aka share gefen layi, aka baza shinkafar a kan ƙasa tun daga ƙofarsa har kusa da masallaci. Ya kafa kujera, ya riƙe sanda.

Kajin Badarawa ba su taɓa ganin irin wannan karamci ba. Suka gaya wa awaki. Alhaji, da bayansa a sanƙare, in ya kori na gabas sai na yamma su sauka. Wani mai adaidaita ya ratsa ta tsakiya yana ba da haƙuri, ya sake dawowa ta tsakiya don ya ƙara ba da haƙurin. Da yamma aka tattara da tsintsiya, tare da duk abin da layin ya ga dama ya bayar.

Malam Iliya ya zo ya tsaya a kan tsibin, hannu a baya.

"Maƙwabci, jibi ne fa. Ko mu koma wajen Sama'ila?"

"Hedimasta, ka taɓa ganin an canza jirgi a tsakiyar kogi? Saura inji kawai."

"Sauran buhu ukun fa? Ba a yi musu gumin ba."

"Na yi nazari. Gumi al'ada ce kawai da masu gumi suka ƙirƙiro. Haka za a kai su."

Ran Juma'a wata a-kori-kurar ta kai kayan gidan inji a Kawo. Mai injin ya tauna ƙwaya ɗaya daga kowane kashi, ya tofar da ta farko da sauri.

"Alhaji, wannan ba ta bushe ba, kuma tana wani irin abu. Waccan kuma ɗanya ce, ta tuwo. Biki ka ce? Dafa-duka?"

"Kai dai kunna inji. Na san wannan waƙar, ƙarshenta ƙarin kuɗi ne."

Inji ya kama ruri. Ta gumin ta fito launi uku. Ɗanyar ta fito a farfashe kamar tsakin masara. Da aka auna duka, buhu shida sun koma uku da 'yan kwanoni.

"Ina sauran?" Alhaji ya daka tsawa. "A gabana za a yi mini sata?"

Mai injin ya nuna wani tudun ɓuntu a bayan rumfa. "Ga shi can. Naka ne, da kuɗinka ka saya, ka biya masa mota tun daga ƙauye. In kana so a ɗure maka, buhu da ɗinki daban."

"Bar shi."

"A sa a injin cire tsakuwa? Ƙari kaɗan ne."

"Tsakuwa nawa ce a ciki? Ni na share wurin da kaina."

Ya sa aka gauraya kashi biyun wuri ɗaya, domin a cewarsa adalci shi ne kowane baƙo ya samu daga kowanne. Bai kai wa masu girki kayan ba sai safiyar Asabar, lokacin da Magajiya da amarya suka riga suka wuce coci.

A filin wata makarantar firamare aka kafa rumfuna. Can bayan azuzuwa matan zumunta na cocin su Magajiya suka jera manyan tukwane, Hajiya Rabi tana cikinsu da ɗaurin ƙirji a kan atamfar anko. Da aka buɗe buhu na farko suka riƙe baki. Regewa na son yini guda, su kuwa ko rabinsa ba su da shi. Suka wanke iya wankewa, suka zuba albasa da kori fiye da ƙa'ida saboda warin, wasu suka yi addu'a da sunan Yesu, Hajiya Rabi ta yi tata, aka rufe tukwane.

Ɗanyar ta narke nan da nan. Ta gumin ta tsaya a kan bakanta. Abin da ya fito jan abu ne mai sheƙi, wanda ba a ɗiba da ludayi sai dai a yanka da mara.

Kafin nan fili ya cika. Motocin Kafanchan sun iso, ango Victor da amarya Mercy suna kan kujerunsu, makaɗa suna aiki. Sambo ya sauka daga adaidaita cikin sabuwar shadda, aka sauke masa buhu biyu masu tambari, ya sa aka ajiye su a gefen kujerarsa ya ɗora ƙafa a kai. Alhaji Rabe ya hango, ya ce wa na kusa da shi, "Ka ga halin manomi. Har da gudummawa."

Da aka fara raba abinci, Alhaji ya karɓi makirufo daga hannun mai gabatarwa, wanda bai yi niyyar bayarwa ba.

"Jama'a, abincin da ke gabanku tarihi ne. A ƙasar nan, cikin naira ɗari, biyar kacal ke isa ga manomi." Malam Iliya ya runtse ido. "Amma wannan shinkafa, daga gona ta taso ta faɗa tukunya. Ba dillali, ba ɗan sari. Ga manomin can a zaune, ku tafa masa. Yanzu ina roƙon babban surukinmu ya buɗe mana da loma ta farko."

Babban surukin shi ne Baba Bitrus, kawun ango, tsohon soja mai farin gashin baki. Alhaji ya taka har gabansa ya kara masa makirufo a baki, don tarihi ya ji da kunnensa. Baba Bitrus ya yanki loma, ya shinshina, ya dubi Malam Iliya, ya tuna zumunci, ya kai baki.

Ƙaras!

Lasifika huɗu suka kai ƙarar har bakin titi. Mai ganga ya tsaya. Baba Bitrus ya sa yatsu biyu a baki, ya fito da tsakuwa, ya ajiye a gefen faranti. Ya sake komawa ya fito da wani abu fari, ya duba shi da kyau, ya ajiye kusa da ita.

"Ranka ya daɗe, ka cika alkawari," ya ce, makirufo na nan a bakinsa. "Ba shinkafar kaɗai ba, har gonar an kawo mana."

Fili ya ɗauki dariya. Amma a sauran rumfuna mutane sun riga sun fara ci, sai ƙaras, ƙaras ke tashi nan da can kamar ana fasa dutse. Dariyar ta fara yin tsami. Wata gwaggon ango ta ture farantinta ta ce, da muryar da ba ta buƙatar lasifika, "Tun asuba muke hanya. In ba a shirya karɓarmu ba, ai da an faɗa." Wasu suka fara laluben jakunkunansu. Mercy ta sunkuyar da kai cikin mayafinta. Malam Iliya ya miƙe tsaye, ya buɗe baki, a karon farko a rayuwarsa ya rasa abin da zai ce wa taro.

Magajiya ba ta rasa ba. Ta ratso fili da gwaggwaronta, ta kama hannun babbar rigar Alhaji Rabe, ta ja shi gefe kamar an kama ɗan makara.

"Alhaji, nama yana nan, miya tana nan, wuta tana ci. Shinkafa nake so. Yanzu."

Alhaji ya waiga ya hango Sama'ila a rumfar maƙwabta. "Sama'ila, buhu huɗun nan..."

"Waɗanne? Ai tun ranar da ka kore ni na sayar. Shago ko ƙwaya babu, sai Litinin."

"Babbar Kasuwa fa?"

"Ran Asabar, da wannan cunkoson? Kafin ka dawo surukan sun juya gida, sun kai Kachia."

Idon Magajiya ya sauka a kan abin da ke ƙarƙashin ƙafar Sambo. Alhaji ya bi idonta, fuskarsa ta washe.

"Alhamdu lillahi! Sambo, kawo gudummawar nan."

"Wace gudummawa, ranka ya daɗe? Ta gida ce. Da kuɗin da ka ba ni na biya kasuwa na saya. Mai ɗakina ta ce ta gaji da gumi da regewa, ita ma tana so ta ci irin ta 'yan birni."

"Kai manomin shinkafa, kake sayen shinkafa?"

"Mai kyau ce. Ba tsakuwa."

"To sayar mini. Nawa ka saya?"

Sambo ya faɗa. Alhaji ya sa hannu a aljihu.

"Wannan kuɗin saye ne," in ji Sambo. "Akwai ɗan dako da ya fito mini da ita daga cikin kasuwa. Akwai adaidaita. Akwai wanda ya sauke. Sannan tun ɗazu nake zaune a kanta ina gadi."

"Gadi!"

"Sai kuma ɗan abin da zan gani a kai. In koma kasuwa ran Litinin ai wata wahalar ce."

"Har da kai, Sambo?"

"Ranka ya daɗe, kai ka ce a ƙara wa manomi kaso. Ni yau na fara ɗanɗana wannan ɓangaren. Ashe ba rana, ba lauje, ba tsuntsaye. Mutum yana zaune a inuwa da shadda."

"Alhaji, biya shi," Hajiya Rabi ta ce daga bayansa, ludayi a hannu. "Kuma daga aljihunka, ba na Hedimasta ba."

Kuɗin aljihun bai kai ba. Sambo ya ce shi ba ya karɓar kuɗin waya, sai wanda zai lissafa da yatsa. Aka kira mai na'urar cire kuɗi daga bakin titi, ya zo da gudu, ya cire, ya yanki ladansa a gaban kowa. Sama'ila ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa.

Matan zumunta suka rabu biyu. Rabi suka koma bayan azuzuwa da buhunan Sambo, rabi suka shiga fili da tulunan kiɗansu da kacau-kacau, suka ja waƙa bayan waƙa, suka jawo gwaggon ango cikin rawa tun tana turjewa har ta karɓe gaba. Ba a gama zagaye na ƙarshe ba sai ga farar shinkafa tana tururi, kowace ƙwaya a ware, da miya da nama. Waɗanda suka rataya jaka suka sauke. Baba Bitrus ya ci faranti biyu da gefe ɗaya na bakinsa, ya kira Malam Iliya ya riƙe hannunsa, ya ce haƙorin dama ya daɗe yana neman ritaya, kuma bikin da ba a samu abin ba da labari ba ai ba biki ba ne. Mercy ta ɗago kai.

Alhaji Rabe ya ga fili ya lafa, ya gyara hula, ya matsa kusa da teburin manya.

"In aka duba da kyau," ya ce, "wannan ɗin ma ai daga hannun manomi na saya kai tsaye. Wato tsarin..."

"Zauna, maƙwabci," in ji Malam Iliya. Ya ja masa kujera a tsakiyar manyan baƙi, da ladabi ƙwarai. "Tun safe kake hidima, ba ka sa komai a ciki ba."

Magajiya da kanta ta kawo farantin, ta ajiye a gabansa da hannu biyu. Ba fara ba ce. Jar ce, yanka guda mai kauri, tana sheƙi.

"Taka ce, Alhaji, ba mu bari kowa ya ƙara taɓawa ba," ta ce. "Ci a hankali. Akwai tukunya uku, Hajiya ta ce a kai gida."

Kowa a teburin manya ya juyo. Baba Bitrus ya tura masa cokali. Alhaji Rabe ya dubi farantin, ya dubi jama'a, ya yi bisimilla, ya yanki loma. Ya shiga taunawa sannu sannu, kamar mai tafiya ba takalmi a cikin ƙaya. Tun da ya yi ritaya, ranar ce ta farko da mutanen Badarawa suka ga bakinsa yana motsi ba magana a ciki.